Sikila ba SS kaɗai ba ce: nau'o'in jinin da awon kafin aure ke tsallakewa

Saurayi ya je awon jini an rubuta masa AA. Budurwa ta je an rubuta mata AS. Iyaye sun duba takardu, hankali ya kwanta, an ɗaura aure. Bayan shekara biyu ɗan fari ya fara kumburin hannu da ƙafa, yana kuka ba dare ba rana, likita ya auna ya ce sikila ce. A gidaje da yawa, abin da ke biyo baya ya fi cutar zafi: dangin miji su fara ƙus-ƙus, a zargi matar, ko a ce wani ya sayi takardar ƙarya don a ba shi aure.

Ana samun takardun bogi, ana kuma samun kuskuren labo. Amma akwai bayani na uku da likitocin jini suka daɗe da sani, wanda har yanzu bai kai kunnen jama'a ba. Haruffan da kowa ya haddace, AA, AS da SS, ba su ƙare lissafin ba. Masana sun rubuta nau'in hemogulobin fiye da 1,000. Mafi yawansu ba su da wata illa, mai ɗauke da su zai rayu har ya tsufa bai san da su ba. Kaɗan daga ciki kuwa, idan suka gamu da S a jikin yaro ɗaya, suna haifar da cutar da ba ta da maraba da ta mai SS. Wasu kuma suna yin shigar burtu, su fito a takarda da sunan S alhali ba shi ba ne, har a raba masoya a banza.

Batun ba ƙarami ba ne. Wani babban nazari da mujallar Lancet Haematology ta buga a 2023 ya ƙiyasta cewa jarirai 515,000 aka haifa da sikila a duniya a shekarar 2021, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara, kuma mutum miliyan 7.74 ne ke rayuwa da ita. Nijar tana tsakiyar wannan yanki. Cutar da wasu ke kira amosanin jini, wasu emasi, da wuya a samu unguwa a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai da ba a san ta ba.

Carbi mai ƙwaya 146

Hemogulobin shi ne sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, mai ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya rarraba ta a jiki. An gina shi da sarƙoƙi huɗu: biyu ana kiran su alfa, biyu beta. Sarƙar beta kamar carbi take, mai ƙwaya 146, kowace ƙwaya da mazauninta. Yaro yana gadon umarnin haɗa wannan carbi sau biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Shi ya sa sakamakon awo yake fitowa da haruffa biyu.

A shi ne carbin da ya fito daidai. S kuwa carbi ne da aka musanya masa ƙwaya ta 6 kawai. Masani Vernon Ingram ne ya gano haka a Kambirij ta Ingila tsakanin 1956 da 1957, shekaru kaɗan bayan Linus Pauling da abokan aikinsa sun nuna a 1949 cewa hemogulobin na masu sikila ya bambanta da na sauran mutane. Wannan ƙwaya guda tana sa hemogulobin ya zama mai danƙo idan ya sauke iskar da ya ɗauko. Sai ya manne da ƴan uwansa, su yi dogayen sanduna a cikin ƙwayar jini, ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashi yake tasowa. Lafiyayyar ƙwayar jini tana yin kwana 120, mai siffar lauje kuwa kwana 10 zuwa 20, abin da ke kawo ƙarancin jini da shawara.

Mai AS yana zaune lafiya ne saboda A ya fi yawa a kowace ƙwayar jininsa, yana shiga tsakanin ƴan S yana hana su haɗa sanda. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: wane ne abokin zaman S? Idan mai raba faɗa ne kamar A, babu cuta. Idan mai ingiza shi ne, ko kuma babu kowa a ɗaya ɓangaren, cuta ta samu ko da takarda ba ta ce SS ba.

A nan ya kamata a raba wani ruɗani da ya zama ruwan dare. Rukunin jini na A, B, AB da O, wanda ake dubawa kafin ƙarin jini, ba shi da alaƙa da haruffan hemogulobin. Katin da ya nuna mutum O ne bai faɗi komai game da sikila ba.

Abin da awon Emmel ba ya gani

Awon da ya fi araha, kuma ya fi yaɗuwa a ƙasashen da ke aiki da Faransanci, shi ne awon Emmel, wanda ya samo suna daga Ba'amurken masani Victor Emmel da ya bayyana hanyar a 1917. Ana ɗiga jini a kan gilashi, a hana shi iska, sannan a leƙa ta madubin likita a ga ko ƙwayoyin sun lanƙwashe. Tambaya ɗaya yake amsawa: akwai S ko babu? Ba ya raba mai AS da mai SS. Kuma idan ya ce babu, bai ce mutum AA ne ba.

Wanda ya fi faɗawa wannan rami a yankinmu shi ne mai ɗauke da C. Shi ma canjinsa a ƙwaya ta 6 yake, sai dai da wata ƙwaya daban aka musanya, don haka ba ya lanƙwasa jini. Cibiyarsa a duniya Afirka ta Yamma ce: Burkina Faso, arewacin Gana da Mali, kuma yawansa yana raguwa idan aka nausa gabas. Dalilin yaɗuwarsa shi ne dalilin yaɗuwar S, wato kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Binciken da aka yi a kan Mosawa 4,348 a Burkina Faso, wanda mujallar Nature ta buga a 2001, ya nuna haɗarin kamuwa da zazzaɓin ya ragu da kashi 29 cikin 100 ga masu AC, da kashi 93 ga masu CC.

Mai AC zai wuce awon Emmel salin-alin. Idan ya auri mai AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaro ya zo da SC. C yana tsotse ruwan ƙwayar jini, ta yi kauri, S ɗin da ke ciki ya cunkushe har ya haɗa sanda. Sau da yawa SC ta fi SS sauƙi a yarinta, shi ya sa wasu ba sa sanin suna da ita sai sun girma. Amma tana da nata wuraren da take kama mutum: lalacewar jijiyoyin bayan ido da ke iya kai wa ga makanta, mutuwar kan ƙashin cinya a kwatangwalo, da haɗari ga mace lokacin goyon ciki da haihuwa. Matashin da ke fama da ciwon kwatangwalo shekara da shekaru ana ce masa sanyi ne, ko ganinsa ya fara dushewa ba dalili, ya cancanci a duba hemogulobin ɗinsa.

Mai ɓuya a bayan AA

Mataki na gaba bayan Emmel shi ne elektroforez, awon da ke fitar da haruffan. Ana ɗora jini a kan wata takarda ta musamman, a sakar masa lantarki, kowane nau'in hemogulobin ya yi tafiya ya tsaya a wurinsa, ma'aikacin labo ya karanta inda layuka suka tsaya. Ya fi Emmel nesa ba kusa ba. Duk da haka akwai abin da ke wuce shi, kuma na farko shi ne beta-talasemiya.

A talasemiya, carbin bai canza ƙwaya ba. Umarnin da aka gada daga ɗaya cikin iyaye ne ya raunana, yana haɗa carbi kaɗan ko ba ya haɗawa sam. Mai ɗauke da ita yana da ɓangare ɗaya lafiyayye da ke samar da A, don haka layin A kaɗai zai fito, a rubuta masa AA. Idan ya haihu da mai AS, yaro na iya gadon S daga wannan, ya gaji ɓangaren da ba ya aiki daga wancan. Babu A da zai raba faɗa. Idan ɓangaren ya mutu gaba ɗaya, abin da likitoci ke rubutawa S-beta-sifili, cutar daidai take da SS. Idan yana ɗan aiki, tsananin ya danganta da yawan A da yake iya samarwa.

Wannan shi ne bayanin da ya fi dacewa da labarin ma'auratan AA da AS da suka haifi mai sikila. Ana iya kama shi tun kafin aure da abubuwa biyu. Na farko, ƙidayar ƙwayoyin jini da ake rubutawa NFS a takardun asibiti: idan girman jajayen ƙwayoyi, wanda ake rubutawa VGM, ya gaza 80, akwai abin bincike. Na biyu, adadin wani ƙaramin hemogulobin mai suna A2: idan ya haura kashi 3.5 cikin 100, alama ce mai ƙarfi ta beta-talasemiya. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, wanda ya yi yawa tsakanin mata, shi ma yana rage girman ƙwayoyin, saboda haka likita ne zai haɗa alamun biyu ya yanke hukunci.

Akwai kuma ɗaya fuskar. Mai S da talasemiya mai sauƙi yana da layin A da layin S, sai a rubuta masa AS. Lambobi ne ke tona asirin. Mai AS na gaskiya A ɗinsa ya fi yawa, S yana tsayawa wajen kashi 35 zuwa 40. Duk takardar da ta nuna S ya fi A, ga mutumin da ba a ƙara wa jini ba, tana nuna mai cutar ne, ko da bai taɓa kwanciya asibiti ba.

Tasha ɗaya, motoci daban-daban

Rauni na biyu na elektroforez na gama-gari shi ne yana gane hemogulobin da inda ya tsaya, kuma motoci daban-daban na iya tsayawa a tasha ɗaya. A tashar S, nau'o'in D, G da Lepore su ma suna tsayawa. A tashar C, ana samun E da O-Arab. Wanda ya dogara da wannan awo kaɗai zai ba kowa sunan mai tashar.

O-Arab, wanda aka fara bayyanawa a 1960 a wani iyalin Larabawa a Isra'ila, ana samun sa a Sudan, Arewacin Afirka, Gabas ta Tsakiya da yankin Balkan na Turai, kuma an ci karo da shi a Afirka ta Yamma. Canjinsa a ƙwaya ta 121 yake. Shi kaɗai tare da A ba ya yin komai. Amma ƙwaya ta 121 tana daidai wurin da sandunan S ke haɗuwa da juna, kuma canjin yana ƙara musu danƙo. Yaron da ya gaji S da O-Arab yana fama kamar mai SS: ciwon ƙashi, ciwon ƙirji mai tsanani, har da shanyewar ɓarin jiki. A takarda kuwa SC za a rubuta masa, a ce wa iyaye tasa mai sauƙi ce. Idan yaron da aka ce SC ne yana yawan kwanciya, jininsa yana ƙasa ƙwarai, ana yawan ƙara masa jini, akwai dalilin sake awo da wata hanya.

D-Punjab, wanda ake kuma kira D-Los Angeles saboda a can Harvey Itano ya fara gano shi a 1951, shi ma a ƙwaya ta 121 canjinsa yake. Ya fi yawa a yankin Punjab na Indiya da Pakistan, ana kuma samun sa a Iran da Turkiyya. Mai ɗauke da shi awon Emmel zai ce ba shi da komai, elektroforez kuma ya ce AS ne. Wannan saɓani tsakanin awo biyu shi kansa alama ce. Idan D-Punjab ya haɗu da S, cutar tana iya yin tsanani.

E kuwa na kudu maso gabashin Asiya ne, musamman Tailan, Kambodiya da Lawos. Haɗuwarsa da S ta fi sauƙi a yarinta, ko da yake wasu suna samun matsala idan sun manyanta.

Masu kama da S, ba su da laifin S

Kuskuren yana iya karkata ta ɗaya gefen, ya hana auren da babu abin da zai hana shi. A 1968 likitan nan na Gana, Felix Konotey-Ahulu, da abokan aikinsa sun bayyana wani nau'i da suka raɗa wa sunan asibitin Korle-Bu na birnin Akra. Canjinsa a ƙwaya ta 73 yake. Yana tsayawa a tashar S, amma ba ya lanƙwasa jini, yana ma hana S haɗa sanda. Wanda ya gaji S da Korle-Bu za a iya rubuta masa SS, alhali lafiyarsa kamar ta mai AS take.

Haka D-Ibadan, da aka bayyana a Najeriya a 1965, mai canji a ƙwaya ta 87. Sunansa ya fara da D kamar D-Punjab, amma haɗuwarsa da S ba ta kawo cuta. Harafin D kaɗai a takarda bai isa ba, sai an san wane D ne. G-Philadelphia kuma, wanda ake samu tsakanin mutanen da asalinsu Afirka ne, a sarƙar alfa canjinsa yake, kuma ba ya ƙara wa S ƙarfi.

Sunayen garuruwan nan suna da tarihi. Da farko haruffa ake ba sababbin nau'o'i. Da suka yi yawa sai aka koma kiran su da sunan gari ko asibitin da aka fara ganin su. Sunan bai nuna cewa can kaɗai ake samun su ba.

Lokacin da S guda ya isa

Ƙa'idar da aka sani ita ce mai S guda ba ya ciwo. Akwai ƴan tsirarun nau'o'i da suka karya ta, domin carbi ɗaya ne yake ɗauke da canji biyu. S-Antilles, da aka bayyana a 1986 a wani iyali daga tsibiran Karibiyan, yana da canjin ƙwaya ta 6 da na ta 23. S-Oman yana haɗe da canjin S da na O-Arab a sarƙa ɗaya. Masu ɗauke da waɗannan suna iya nuna alamun sikila ko da ɗaya ɓangaren A ne lafiyayye. A 2004 likitoci a Boston sun ba da labarin wata jaririya da awon haihuwa ya nuna AS ce amma tana fama da cutar. Da aka karanta ƙwayar gadonta sai aka ga canji na biyu a ƙwaya ta 68, aka sa wa nau'in suna Jamaica Plain, sunan wata unguwa a birnin. C-Harlem kuma yana tsayawa kusa da tashar C amma yana lanƙwasa jini, domin canjin S yana cikinsa.

Waɗannan ba su da yawa ko kaɗan, kuma bai kamata su tayar da hankalin miliyoyin masu AS da ke zaune lafiya ba. Darasinsu ga wanda aka ce masa AS ne amma yana ciwon ƙashi akai-akai, idonsa yana yin rawaya, saifarsa tana kumbura: ya nemi a zurfafa bincike, kada a sallame shi da cewa mai AS ba ya ciwo.

Jinin jariri, garkuwar da aka haifa da ita

Akwai abokin zama guda da ya fi A iya raba faɗa, shi ne F, hemogulobin ɗin da ɗan tayi ke amfani da shi a ciki. A 1948 likitar yara Janet Watson ta lura a New York cewa jinin jariran da suka gaji S ba ya saurin lanƙwashewa. F ne ke kare su, kuma idan ya ja baya a watannin farko na rayuwa, wajen wata huɗu zuwa shida, sai alamun cutar su fara fitowa.

Wasu mutane jikinsu ba ya daina haɗa F har su girma, kuma gado ne. A Gana aka fara bayyana haka a 1955, a aikin Edington da Lehmann, bayan sun ga mutanen da awo ya nuna kamar SS ne amma ba su da ciwo. Wanda ya gaji S da irin wannan baiwa yana da F wajen kashi 30 cikin 100 a ƙwayoyin jininsa, babu A ko kaɗan, kuma galibi lafiya lau yake. Yawan F ne kuma ya sa sikilar gabashin Saudiyya da Indiya, da wadda ake dangantawa da Senegal, suka fi ta tsakiyar Afirka sauƙi. Alfa-talasemiya mai sauƙi, wadda kusan mutum ɗaya cikin uku masu asalin Afirka ke ɗauke da ita, ita ma tana sauya yadda cutar ke bayyana. Wannan na cikin dalilan da ke sa a ga masu SS biyu a unguwa ɗaya, ɗaya kullum yana asibiti, ɗaya yana buga ƙwallo.

Magani ya bi wannan sawu. Hydroxyurea, wanda Amurka ta amince da shi don sikila a 1998, yana ƙara F a jini. Gwajin REACH da aka yi a kan yara kusan 600 a Angola, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, Kenya da Uganda, wanda aka buga a farkon 2019, ya nuna yana rage ciwo, ƙarin jini, zazzaɓin cizon sauro da mace-mace a Afirka. Casgevy, maganin gyaran ƙwayar gado da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, aikinsa sake kunna F ne, amma kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Ga iyalai a Nijar, abin da ke kusa da hannu shi ne gano cutar da wuri da sanin ainihin nau'inta, domin shi ke nuna wanda ke buƙatar hydroxyurea, wanda za a riƙa duba wa ido, da wanda za a fara ba penisilin tun yana jariri. Binciken da aka yi a Amurka a 1986 ya nuna penisilin na kullum ya rage mummunar cutar ƙwayoyin nimoniya a jinin yara masu sikila da kashi 84 cikin 100.

Abin da ya shafi ƴan ci-rani

Tafiye-tafiye suna haɗa jinin da a da ba ya haɗuwa. Ɗan Tawa da ke aiki a Aljeriya ko Libiya yana zaune ne a yankin da beta-talasemiya ta fi yawa, kuma nau'o'inta na bakin tekun Bahar Rum galibi sun fi na Afirka ta Yamma tsanani. Hausawan Sudan suna ƙasar da aka san O-Arab a cikinta. Wanda ke Abijan, Kumasi ko Wagadugu yana tsakiyar ƙasar C. A ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha, inda ma'aikata daga Indiya da Pakistan suke da yawa, ana gamuwa da D-Punjab da E. Mai AS da zai yi aure a waɗannan wurare, jin cewa babu sikila a dangin wadda zai aura bai wadatar ba.

Zama a waje yana da tasa riba. Saudiyya ta wajabta wa ƴan ƙasarta awon sikila da talasemiya kafin aure tun 2004. Faransa ta faɗaɗa awon sikila ga duk jaririn da aka haifa a ƙasar daga watan Nuwamba na 2024, Ingila da Amurka kuwa sun riga ta. Dakunan awonsu suna aiki da na'urorin da ke raba nau'o'in da kyau. Iyayen da suka karɓi wasiƙa cewa jaririnsu yana ɗauke da C, D, E ko O-Arab, kada su jefa ta a aljihun tebur. Jaririn lafiyarsa ƙalau, amma wasiƙar tana nuna ɗaya daga cikin iyayen yana ɗauke da nau'in, kuma wataƙila ƙannensa da ƴaƴan ƴan uwansa a gida ma haka. Labari ne da ya kamata ya isa gida kamar yadda kuɗin cefane ke isa.

A maƙwabta, jihar Kano ta kafa dokar awon lafiya kafin aure a 2024, har da na sikila. Irin wannan doka tana amfani ne gwargwadon ingancin awon da ake yi a ƙarƙashinta.

Kafin a kai goro

A Yamai akwai Cibiyar Ƙasa ta kula da masu sikila, wadda aka fi sani da CNRD, kuma likitocin manyan asibitocin jihohi suna iya nuna inda ake yin cikakken awo. Duk inda mutum ya je, ga abubuwan da ya kamata ya tabbatar:

1. Wane awo aka yi? Idan Emmel ne kaɗai, ba a gama ba. Ƙananan na'urorin awon gaggawa irin su HemoTypeSC da Sickle SCAN suna da amfani sosai, suna gane A, S da C, amma ba a yi su don talasemiya, D ko O-Arab ba.

2. Takardar ta zo da lambobi? A nemi kason A, A2, F da na duk wani nau'in da ya fito. Awon da ake rubutawa HPLC ko CLHP, da elektroforez na kapilari, su ne ke ba da waɗannan lambobi daidai.

3. An haɗa da NFS? Idan ɗaya daga cikin masoyan AS ne, girman ƙwayoyin jinin ɗayan da adadin A2 ɗinsa su ne abin dubawa na farko.

4. An ƙara wa mutum jini cikin wata uku da suka wuce? Idan haka ne, sakamakon zai haɗa da jinin wanda ya bayar, mai SS ya fito kamar AS.

5. Sakamakon ya dace da lafiyar mutum? Mai SS da ya kai shekara 25 bai taɓa ciwo ba, mai AS da ke yawan ciwo, mai SC da ake yawan ƙara wa jini, duk suna buƙatar awo na biyu da wata hanya daban, ko a auna iyayensu.

Lokacin yin wannan shi ne kafin magana ta je gaban manya, lokacin da mutum biyu za su iya zama da likita su ji lissafin, su yanke shawara ba tare da idon dangi a kansu ba. Lissafin ɗaya cikin huɗu yana sabuntuwa ne a kowane ciki, haihuwar mai cutar sau ɗaya ba ta kare ƴaƴa uku na gaba.

Ga gidajen da yaro ya riga ya zo da sikila alhali takardun iyaye sun ce ba zai yiwu ba, matakin farko shi ne a sake auna uwa da uba da yaron tare, da cikakken awo, kafin kowa ya furta kalmar da ba za ta janyu ba. Takardar da aka rubuta AA a kanta, babu sunan awon da aka yi, babu adadin A2, rabin amsa ce kawai.